Guntun Itacen da Ya Ci Hannun Barnaba

Sojoji biyu ne suka shimfiɗa hannun Barnaba na dama a kan tsohon rim ɗin tayar mota, suka daka shi da gindin bindiga har yatsu uku suka karye. Da rana tsaka aka yi, a garejinsa na bakin tashar Ikara, mutane suna kallo. Laifinsa kuwa shi ne ya gyara mota daidai.

Barnaba mutumin Malikanchi ne. Shekara goma sha huɗu ya yi yana kwance a ƙarƙashin manyan bas-bas a wani kamfani a Kaduna, a can ya koyi motocin da ba su da sifirin na ƙarfe a ƙafafunsu, waɗanda ke zaune a kan jakunkunan roba cike da iska. Da gwamnatin soja ta ce a tsuke bakin aljihu, kamfanin ya sallami rabin ma'aikatansa a rana ɗaya. Barnaba ya ɗauko matarsa Veronica da akwatin sifanoninsa ya dawo gida, ya koma gyaran akori-kurar 'yan rake da 'yan barkono. Bai yi gunaguni ba. Hannunsa dai yana nan, kuma hannun ne abincin gidansa.

Akwai wani Kanar da ya mallaki ƙatuwar gona a bayan Kudan. Yana da wata jibgegiyar mota da aka shigo masa da ita daga Turai, irin mai jakunkunan iskar nan. Wata safiya aka kawo ta garejin Barnaba ta karkace, bayanta na hagu ya zauna kamar tsohuwa mai ciwon ƙugu. Kanikawa uku sun taɓa ta a Zariya sun kasa.

Barnaba bai yi gaggawa ba. Ya kaɗa ruwan sabulu ya shafa wa jakunkunan huɗu da duk tiyon da ke kai musu iska, ya zuba ido. Babu kumfa, wato babu inda iska ke fita. Ya saurari injin hura iskar, lafiya lau. Sai ya kwanta ya shige ƙasa. A kusa da kowace ƙafa akwai wani siririn ƙarfe, tsawonsa bai fi yatsa biyu ba, shi ke gaya wa motar tazarar da ke tsakaninta da ƙasa. Na bayan hagu ya lanƙwashe. A gefensa kuma ga guntun itacen maɗaci an cusa tsakanin gangar jikin motar da ƙarfen ƙafa.

Ya zaro itacen ya ɗaga wa Maiwada, direban Kanar.

"Oga direba, wa ya ba ta wannan ta ci?"

Maiwada ya ɗaure fuska. "Taki muka ɗauko. Kowa haka yake yi in kaya sun yi nauyi. Shekarata ashirin ina tuƙi, Malam Barnaba."

"Shekara ashirin a akori-kura. Wannan ba irinta ba ce da za ka tokare ta da itace. Kanta take ɗagawa da kanta. Ka lanƙwasa mata ƙarfe, yanzu tana zaton tana tsaye alhali a durƙushe take."

Kanar yana tsaye yana ji, har ya yi dariya ya ce, "Maiwada, ashe kai ne ciwon." Masu faci da masu shayi suka taya shi. Wannan dariyar Maiwada bai yafe ba.

Miƙe ƙarfe ba wuya. Wuyar ita ce a daidaita ƙafafu huɗu, kuma Barnaba ba shi da na'urar da ake yin haka da ita a Legas. Yana buƙatar ƙasa shimfiɗaɗɗiya, Ikara kuwa ko'ina tudu da kwari. Sai ya tuna daɓen sabon cocinsu, wanda ginin ya tsaya tun da siminti ya gagari talaka. Shi da kansa ya riƙe tiyon ruwa ranar da magina suka daidaita daɓen. Ya nemi izinin Fasto, aka hau da motar. Ya yanka kara ɗaya ya zama ma'auni. Ya auna ƙafa, ya shiga ƙasa ya ɗan sassauta ƙarfen, ya fito, ya jira motar ta yi numfashi ta zauna, ya sake aunawa. Tun hantsi har la'asar. Da ya gama, ya ɗora kofin ruwa cike a kan rufin motar, ko ɗigo bai zube ba.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ta warke. Amma kada a ƙara sa mata itace."

Sati uku ya yi yana ba Veronica labarin kofin ruwan, har ta ce, "Baban Judith, kofin nan fa ya ishe mu."

A sati na huɗu Kanar ya bi ta Makarfi ranar kasuwa, an danƙara wa motar buhunan taki da mazarƙwaila. A tsakiyar kasuwa ta yi ƙara ta durƙusa, bayanta ya daki ƙasa. 'Yan dako suka yi shewa. Kanar ya fito da kaki da tauraro, aka nemo masa ɗan acaɓa. Da ya tambayi dalili, Maiwada ya ce aikin bakaniken Ikara ne, kuma tun ranar ya ga kamar da gangan ya yi.

Kanar bai leƙa ƙarƙashin motarsa ba. Wandonsa yana da guga. Sai ya tura sojoji.

Washegari Gambo, bakaniken Makarfi da aka kira ya janye motar, ya zo asibiti. Ya buɗe buhu a gaban gadon Barnaba ya fito da guntun itace, sabon sara, da man mota a jikinsa.

"Ga abin da na ciro, maigida. A wuri ɗaya da na farko."

"Ka gaya wa Kanar?"

Gambo ya sunkuyar da kai. "Ina da yara shida."

Yau shekara biyu ke nan. Yatsun sun haɗe a murɗe, ba sa riƙe sifana. Barnaba yana zaune a bakin gareji yana nuna wa wasu da baki abin da hannunsa ya sani, Veronica tana tuyar ƙosai. Abin da ya fi yatsun ci masa rai shi ne har gobe in wani direba daga Kudan ya nufo garejin, sai wani ya ce, "Wurin wanda ya kashe motar Kanar za ka?" Maiwada kuwa yana nan yana tuƙi. Itacen guda biyu suna rataye a ƙusa a bangon garejin, don Barnaba ya hana a sa su a murhu.

Kanar, ka san kanka, ka san hanyar tashar Ikara. Yatsu ba za su dawo ba, ba su ake nema ba. Ka zo da rana tsaka kamar yadda ka turo yaranka, ka zo da Maiwada. Ka sauke itacen nan da hannunka, ka ɗaga su a gaban masu faci da masu shayi da suka taya ka dariya, ka faɗa da ƙarfi cewa gyaran Barnaba daidai ne.