Ranar da Na Tsoma Madubin Bindiga a Bahon Ruwa

Shekarun baya, lokacin ina faci a wani shagon taya a East Greensboro, na kusa rasa dajin da nake farauta saboda barewa ɗaya.

Ban yi boko ba. Mahaifina maharbi ne. Ni na yi soja, na ga yaƙi, na fito da ƙafafuna biyu. Wani maigidana da nake tuƙa wa mota ya zo karatu Amurka, ya taho da ni. Ya gama ya koma, ni na tsaya. Aikin taya na samu, shi na riƙe.

A shagon na san wani tsohon Bature, manomi a Pleasant Garden, mai kawo tayar tarakta. Ba ya son surutu, ni ma haka, sai jininmu ya haɗu. Baba nake ce masa. Wata rana ya ga ina kallon bindigar da ke rataye cikin motarsa, ya tambaye ni ko na iya harbi. Na ce na iya. Ya ce barewa na cinye masa wake, in na yanki takardar farauta in riƙa zuwa ran Asabar.

Wanda bai zauna ƙasar wasu ba ba zai gane ba. Duk mako ina cikin ƙarar inji da warin roba, ana yi mini Turancin da rabinsa kawai nake ji. Amma in na shiga dajin nan da sassafe, ba mai yi mini magana. Nan kaɗai nake tuna ni ɗan maharbi ne. Ga kuma naman halal, wanda a zamanin sai an sha wuya ake samu a garin.

Na yi shekaru ina zuwa lafiya. Sai idona na dama ya fara gajiya, na ƙi yarda. Wata safiya na harbi barewa, harsashi ya same ta can baya. Ta ruga. Ni da Baba muka bi jini har rafin da ke ƙarshen gonar. Muka same ta a ciki, kanta a nutse, ta mutu.

Baba ya kama ƙafarta zai ja. Na ce ni ba zan ci ba.

Ya ce, "Me ya sa?"

Na haɗa Turancina na gaya masa. A wurinmu, abin da ka harba ya faɗa ruwa ya mutu, ba ka san ko harsashi ne ya kashe shi ko ruwa ba. Mushe ne. Haka mahaifina ya koya mini.

Fuskarsa ta yi ja. Ya ce, "A ƙasata ba a kashe abin da ba za a ci ba. Wannan ni zan ɗauka. In ka sake yin haka, kada ka ƙara zuwa."

Ban yi gardama ba. Yana da gaskiya, ni ma ina da gaskiya.

A gida na ce wa matata bindigar ce ta fara karkata. Ta ce, "Malam, ba bindiga ba ce, ido ne. Shekaranjiya na ba ka allura ka sa mini zare, ka ce fitilar ɗakin ce ba ta da haske."

Magani ɗaya ne: madubin nan mai kama da bututu da ake ɗora wa bindiga, mai jawo abu kusa. Sabo ya fi ƙarfina. Na gaya wa abokina, wani ɗan Katsina da ke babban digiri a jami'a. Farfesa nake ce masa don tsokana, shi kuma Soja yake ce mini. Ya yi ta duba tallan jarida har ya samo wani dattijo a Irving Park, unguwar masu kuɗi, da zai sayar da kayan farautarsa, hannunsa ya fara rawa.

Muka shiga unguwar da tsohuwar motata mai hayaƙi. Labule ya yi ta motsi a tagogi. Farfesa ya gyara wuyan riga. Ni ban gyara komai ba.

Dattijon ya kai mu garejinsa. Madubi uku ya jera a tebur, duk na kamfani ɗaya. Duk sanda aka fito da sabon samfuri sai ya saya, ya ajiye na da. Kaka, uba da jika ke nan.

Kakan na fara ɗauka. Ƙarfe ne zalla, mai nauyi, baƙinsa ya goge a gefe har fari ya fito. Na ƙwanƙwasa shi da farce kamar yadda ake gwada fartanya a kasuwa, ya yi ƙara mai daɗi. Dattijon ya ce ya saye shi bayan ya dawo daga nasa yaƙin. Shi ke nan, zuciyata ta zauna a kansa. Uban bai kai shi nauyi ba, jikinsa duk ƙarzuwa, ba shi da kyan gani ko kaɗan. Jikan kuwa sai sheƙi yake, har da kwalinsa, da wani zobe da ake murzawa abu ya matso ko ya ja baya.

Na ce, "Wannan tsohon zan ɗauka. Da tsohuwar zuma ake magani."

Farfesa ya ce, "Soja, zuma ka zo saye? Leƙa ciki tukuna."

Na leƙa ta ƙofar gareji. A cikin kowanne akwai zare biyu da suka gicciye, inda suka haɗu nan harsashi zai je. Na kakan siriri ne kamar saƙar gizo-gizo, da na kai shi kan inuwar itace sai ya ɓace mini. In kuma an murɗa maɓallin saiti, gicciyen ya bar tsakiya ya koma gefe. Na uban mai kauri ne daga waje, siriri a tsakiya, ko a inuwa ina ganinsa, kuma duk murɗawa yana nan a tsakiya. Na gani sarai. Amma ban so abin da na gani ba.

Farfesa ya ce akwai abin da ya fi wannan. Ya karanta cewa na baya-bayan nan an cika su da wata iska busasshiya an toshe, don kada gilashi ya yi gumi daga ciki. Na da yawanci ba a toshe su da kyau ba. Ya ce, "Kai ɗan ƙasar rani ne, ba ka san raɓar nan tana shiga har cikin ƙarfe ba. Ka fito daga mota mai ɗumi ka shiga sanyi, ka ɗaga bindiga, sai ka ga fari fat. Matsalar ita ce ba yadda za mu gane wanda ke yoyo da ido."

Na ce, "Iska aka toshe a ciki?"

"Iska."

"To ai kamar tub ɗin cikin taya ne. Ce masa ya ba ni ruwan ɗumi a baho."

Farfesa ya zaro ido. "Soja, gidan mutane ne fa. Kayan gilashi ne, ba tayar Baba ba."

"Faɗa masa."

Ya faɗa, yana ta ba da haƙuri a madadina. Dattijon ya dube ni, ya yi dariya, ya shiga gida ya fito da bahon wanke-wanken matarsa. Amma ya ɗauke jikan ya mayar cikin kwali. Ya ce wannan sabo ne, ba za a jiƙa shi ba. Na ce wa Farfesa abin da aka hana ni gwadawa ba na saye. Wataƙila lafiyarsa ƙalau. Har yau ban sani ba.

Uban na fara tsomawa. Na danne shi, na juya shi a hankali kamar yadda nake yi wa tub. Ruwa ya tsaya cak. Ko ƙwayar kumfa babu.

Sai na ɗauki kakan. Na yi masa addu'a a zuciya. Yana shiga ruwa ya fara ɓul-ɓul-ɓul, ta baki, ta maɓalli, ta ko'ina, kamar tukunyar da ta tafasa. Na yi maza na tsamo shi.

Farfesa ya riƙe ciki. "Soja, zumarka na yoyo!"

Dattijon bai yi dariya ba wannan karon. Ya karɓi madubin yana gogewa da gefen rigarsa. Ya ce shekaru da yawa da suka wuce wannan ya yi masa hazo a gaban barewa mafi girma da ya taɓa gani, ya yi ta zargin numfashinsa. Sai yau ya san mai laifi.

Muka yi ciniki a kan uban. Da muka gama na ce wa Farfesa, "Ce masa ina gyara?"

"Haba Soja! Nan ba kasuwar ƙauye ba ce. Ni ba zan faɗa ba."

Dattijon ya tambayi me muke cewa. Dole Farfesa ya bayyana masa cewa a wurinmu in an yi ciniki, mai kaya yakan ƙara ɗan wani abu. Dattijon ya miƙo mini kakan. Ya ce tsohon soja ya tafi gidan soja.

Na ɗora uban a bindiga, na je gonar Baba na yi ta harbin kwali har saiti ya zauna. Baba yana kallo daga tarakta.

Da ganye ya zuba aka buɗe farauta, na je. Safiya ce mai sanyi, hazo ya kwanta a gona, raɓa har ta jiƙa mini wando. Baba ya ce zai bi ni. Bai taɓa bina dakon barewa ba. Na gane shaida ya zo yi.

Muka zauna bayan wani kututture. Gari na ƙara wayewa sai ga namijin barewa, kuma a rafin nan dai. Ƙafafunsa na gaba a cikin ruwa, yana sha. Na ɗaga bindiga. Gilashi tas, ba gumi. Har ruwan da ke ɗiga daga bakinsa ina gani. Gicciyen ya zauna a bayan kafaɗarsa.

Baba ya taɓa ni da gwiwar hannu. Ya ce a hankali, "Harba."

Ban harba ba. In na harba a nan, ruwa zai faɗa.

Ya sake taɓa ni. Barewan ya ɗaga kai yana duban tsallake. In ya haye, ya shiga gonar wani, ya tafi ke nan. Hannuna ya fara tsami. Na riƙe. A soja na koyi jira, a wurin mahaifina na koyi dalilinsa.

Can ya juyo. Ya hau gaɓa, ya tako cikin karan wake, ya yi nisa da ruwa. Na yi bismillah na ja kunamar bindiga. Inda yake tsaye, nan ya faɗi. Na ruga da wuƙa, na same shi da sauran rai, na juya shi gabas na yanka.

Baba ya iso yana haki. Ya dubi barewan, ya dubi rafin, ya dube ni.

"Wannan za ka ci?"

"Zan ci. Cinya ɗaya taka ce."

Ya ce, "Asabar mai zuwa ka biyo ta gida ka sha kofi kafin ka shiga."

Na ci gaba da zuwa dajin nan har Allah ya yi wa Baba rasuwa.

Kakan yana nan a ɗakina bisa kanta. Har yau na fi son sa, nakan sauko da shi in ji nauyinsa a hannu. Amma ban taɓa kai shi daji ba. So daban, aiki daban. In yara suka zo neman shawara a kan kayan hannu, mota ce ko bindiga, ba na tambayar shekararta. Cewa nake su nemi bahonta su tsoma ta. Wanda suka fi so, shi za su fi dannewa.

Bayan wannan farautar na je na yanki tabarau. Ranar na sa wa matata zare a allura, sau ɗaya ya shige. Ta karɓa ta ce, "Malam, kai ma da an tsoma ka a bahon nan, da kumfa ta tashi."

Ban musa ba.