Watanni Ukun da Muka Taka da Baba

Shekarar da patron ɗinmu, wato shugaban kamfaninmu, ya dawo daga wani taro a Yamai da shirin lafiyar ma'aikata, ni ce sakatariyar biro, wato ofishinmu. Ƙaramin kamfani ne na masu gina rijiyoyi a Agadas, mu goma sha ɗaya har da mai gadi. Ya tara mu ya ce daga yau za a kula da jikinmu da hankalinmu da zuciyarmu. Ta zuciya da sauƙi, dama ba mu wasa da salla. Ta hankali kuma aka ce ran Alhamis mu zauna kowa ya amayar da abin da ke cin sa, wato abin da muke yi kullum a bakin shayi ba tare da an buga masa hatimi ba. Na yi dariyata a ciki na rubuta.

Ta jiki ce ta zo da magana. Aka kawo majo, babban ma'aikacin jinya, ya auna mu ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan tsohon shofer ɗinmu, wanda duk muke kira Baba, sai ya sake aunawa. Tansiyo ya hau sosai, wato hawan jini ne. Ya ba shi magani, ya ce ya rage gishiri, ya riƙa tafiya da ƙafa kowace safiya. Bayan wata uku za a sake gwaji, in bai sauka ba, ba zai sa hannu a takardar da ke ba shi damar tuƙi a hanyar daji ba. Mutumin da ya san hanyar In-Gall da Tegidda tun ban zo duniya ba, sai ga shi yana kallon takalminsa. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Washegari sai ga Baba a bayan moto, wato babur.

Na ce, "Baba, ina tafiyar ƙafar?"

Ya ce, "Ɗiyata, Allah ya sani da ƙafa na fito. Ban kai bakin kasuwa ba maƙwabcina ya tsaya. In ce masa mi? In ce ba ni son alherinsa?"

Rana ta biyu motar wani mai sayar da gishiri ta sauke shi. Ta uku kuwa a kan amalanken jaki ya iso, ya harɗe ƙafa kamar ango. A garinmu abin kunya ne mai abin hawa ya wuce dattijo mai rawani yana tafe a ƙasa, balle Baba da ya rage wa rabin garin hanya a rayuwarsa. Shi kuma ko za a yanka shi ba zai ce wa kowa ba shi da lafiya ba.

Ni na kawo shawara, kuma har yau ina taƙama da ita. Na ce mai moto yana iya ɗaukar mutum ɗaya, amma ba ya ɗaukar bakwai. Muka soma haɗuwa a ƙofar gidansa da sassafe, ni da mai shara muna gaba, maza na biye, patron can baya yana fama da tumbinsa.

Abin da ban lissafa ba shi ne yadda za a gan mu. Mutum bakwai a jere, da safe, ba mai magana saboda haki. Mahauci ya ajiye wuƙa ya ce, "Inna lillahi, wa aka rasa?" Mutum huɗu suka bi mu har biro don su yi gaisuwa. Baba ya yi dariya har rawaninsa ya kwance, rabon da in ga haƙoransa tun ranar awo. Daga nan patron ya kafa doka, in ana tafiya dole a yi hira da ƙarfi. Wannan dokar ba ta ba ni wahala ba ko kaɗan.

A hanyar nan na san abokan aikina. Na ji cewa mai gadi ya iya waƙa, na ji mai shara na jinyar uwarta ba ta taɓa faɗa ba, muka shiga kai mata ziyara. Masu shaguna suka saba da mu, suna cewa ga 'yan sipor nan, masu motsa jiki.

Ranar gwaji duk muka raka shi asibiti, muka tsaya a inuwar bango. Ya daɗe a ciki, sannan ya fito fuska a ɗaure, takarda a naɗe a hannu. Ya zo daidai inda nake ya tsaya.

Ya ce, "Ɗiyata, kin tsaya kallona? Je ki buga mini takardar tafiya, gobe Tegidda za ni."

Ban san sanda na rangaɗa guɗa a ƙofar asibiti ba.