Baƙi Ɗari, Babu Mai Ƙorafi

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a sashen koyon tafiyar da kasuwanci, aka ce kowa ya zaɓi abin da zai yi bincike a kai. Abokaina duk suka ruga bankuna da manyan kamfanoni. Ni kuwa, da yake ina son a ce na fi kowa hangen nesa, sai na ce zan duba yadda ake tafiyar da ƙananan gidajen saukar baƙi a yankinmu, daga Funtuwa zuwa Bakori har Malumfashi, in ji ko masu kwana a cikinsu suna gamsuwa. Lokacin kaka ne, fataken masara da dawa sun cika garuruwan, kowane ɗaki da mutum. Na ce aiki ya zo mini har gida.

Na tsara takardar tambayoyi, Turanci a gaba, Hausa a baya. Abu biyar nake tambaya: tsafta, ruwa, wuta, abinci da tarba. Gaban kowace tambaya akwai gurbi biyar, tun daga "ban gamsu ba ko kaɗan" har zuwa "na gamsu ƙwarai". Ba a rubuta suna, haka ƙa'ida ta ce. Gidaje shida na zaɓa. Ba zan iya raba kaina shida ba, kuma in faɗi gaskiya, nauyi nake ji in tare dattijo sa'an mahaifina da takarda da biro. Sai na bar wa masu gidajen takardun, na roƙe su su riƙa ba baƙinsu. Duk suka ce ba komai, ai ɗanmu ne, Allah ya ba da sa'a.

Bayan mako uku na zagaya na kwaso. Takarda ɗari da 'yan kai, kuma kowace ɗaya, a kowace tambaya, gurbin ƙarshe aka sa wa alama. Ku ji wautata, jama'a: murna na yi. Na zana jadawali, sanda ɗaya ta miƙe ita kaɗai kamar rimi a tsakiyar gona, na rubuta cewa gidajen baƙinmu abin koyi ne. Alhali ni da kaina na shiga banɗakin ɗaya daga cikinsu na murɗa famfo ya yi mini tari kawai.

Malamin da ke duba aikina mutum ne da ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Ya yi karatu a waje, ya dawo da halin faɗin magana yadda take, ko a gaban wa. Ya ɗauki takardun yana juyawa ɗaya bayan ɗaya. Can ya cire tabarau.

"A ƙarƙashin wace bishiya ka zauna ka cika waɗannan?"

Na rantse masa ba ni na cika ba. Ya ce shi tunda yake bai taɓa ganin mutum ɗari sun yarda a kan abu ɗaya ba, ko da ɗanɗanon ruwan sha ne. Ya san halin ɗalibai, a zauna a ɗaki da biro kala uku a ƙirƙiri mutane. Ni ma na san hukuncin wanda aka kama da haka: kwamitin ladabtarwa, daga nan kora. Shekara huɗu na karatu, kuma ni ne na farko a gidanmu da ya kai wannan mataki.

Ya ce ranar Asabar zai wuce Katsina ta'aziyya. In jira shi a Funtuwa, zai zaɓi gida ɗaya cikin shidan da kansa, ya je ya gani. Idan bai ga abin da ya gamsar da shi ba, ranar Litinin takarduna suna gaban kwamiti.

Alhamis da Juma'a a kan babur na yi su. Na bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya ina neman ko da mutum guda da zai ce shi ya cika da hannunsa. Kaka ta wuce, fatake sun ɗaure buhunansu sun tafi. Wani mai gidan ya ce yana tuna wani Alhaji mai farar mota, amma bai san daga inda ya fito ba. Na dawo gida ƙura har gira, na kasa cin abinci.

Mahaifiyata ta zaunar da ni ta ce in faɗa mata abin da ke damuna. Da na gama, maimakon ta tausaya mini sai ta kama haɓa. Ta ce ita duk karatun nan da nake yi ta ɗauka na fi haka wayo. Wa na taɓa gani ya kwana a gidan mutum, ya ci tuwonsa, sannan mai gidan ya miƙo masa takarda ya ce rubuta aibina, shi kuma ya rubuta? Ai kara ce aka yi wa masu gidajen, kuma ni ma aka yi mini.

Na ce, "Inna, ba zan tsaya gaban kwamiti in ce kara ba. Babu ita a littattafanmu."

Ta ce, "To, masu littattafan ne ba su taɓa yin baƙunta ba."

Na san gaskiya ta faɗa, amma hakan bai rage mini komai ba. Maganar mahaifiyata ba hujja ba ce a wurin mutumin da ya riga ya yanke cewa ni maƙaryaci ne.

Ranar Asabar tun da safe ina bakin titi. Addu'ata ɗaya ce, Allah ya sa ya zaɓi gidan Funtuwa, mai tayil da rijiyar burtsatse, inda ko ba komai mutum zai yarda an gamsu. Ya tsaya, na shiga, ya karɓi jerin sunayen ya bi da yatsa, ya sauka a kan na ƙarshe. Malumfashi. Gidan nan mai famfon tari. Mai shi wata tsohuwar Hajiya ce, ƙawar mahaifiyata, wadda ta mayar da gidan marigayi mijinta masauki mai ɗaki takwas.

Muka kama hanya, muka wuce Bakori. Ni dai ina kallon karan dawa da aka tara a gonaki, ina tunanin yadda zan shiga gida da jaka in ce wa mahaifina an koro ni.

Da muka isa, Hajiya tana can cikin gida, sai malamina ya ce in zagaya da shi. Ya murɗa famfo, shiru. Ya kunna fanka, ta juya sau biyu ta tsaya. Ya danna katifa da hannu, hannun ya nutse har katako. Duk abin da ya taɓa sai ya rubuta a ɗan littafinsa. Ya juyo ya ce, "Nan ne mutum ashirin suka gamsu ƙwarai da ruwa?" Duk abin da yake gani ƙara tabbatar masa yake yi cewa ni na cika takardun.

Muna cikin haka Hajiya ta fito tana jan ƙafarta mai ciwo. Da ta ji malamina ne, sai ka ce sarki ya sauka. Ta shimfiɗa masa dardumarta ta salla a inuwar dalbejiya, ta ɗebo ruwa a randa da hannunta, ta yi ta sa masa albarka a kan yadda yake wahala da 'ya'yan mutane. Ya ce sauri yake yi, ta'aziyya zai je.

Ta ce, "Malamin ɗana ya taka ƙofata ya fita bai sa komai a bakinsa ba? Sai dai ku tsallake ni, Malam."

Dole ya zauna. Aka kawo tuwon masara da miyar busasshiyar kuɓewa. Lomar farko na ji gishiri har ƙwaƙwalwata. Na saci kallonsa, na ga ya kai hannu ga kofin ruwa, ya sake kaiwa, ya sake. Amma ya ci, domin tana zaune tana yi masa fifita tana cewa ya ƙara.

Yana wanke hannu sai ta ce, af, ta kusa mantawa. Ta shiga ɗaki ta fito da takarda ɗaya, ragowar nawa, da biro. Ta ce amana na bar mata, duk baƙon da ya ci abincinta sai ya cika wa ɗanta, kuma ba ta taɓa barin ko ɗaya ya tsallake ba. Ta miƙa masa, ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna daf da shi tana murmushi.

"Ku rubuta gaskiya, Malam, kar ku ji komai. Ni ban yi boko ba, amma na san na ƙarshen nan shi ne mai kyau."

Ya kalli takardar. Ya kalli Hajiya. Na ga bakin biron ya tsaya a kan tambayar ruwa, ya nufi gurbin farko, ya daɗe a sama. Hajiya ta gyara zama, ta ce Allah ya raya masa zuri'a. Biron ya ja jiki a hankali har gurbin ƙarshe, ya sauka. Haka ya bi sauran huɗun, har da abinci. Ta karɓa da hannu biyu ta miƙo mini, ta ce in haɗa da sauran.

Sai da muka fita gari ya gangara gefen titi ya kashe mota. Ya juyo gare ni.

"Ka ga abin da na cika?"

"Na gani, Malam."

"Miyar nan kuwa..." Bai ƙarasa ba, ya girgiza kai. Ya ce ya yarda ban ƙirƙiri kowa ba, kuma ba zai kai ni kwamiti ba. Amma kunyar mutane na auno na kawo masa, don haka aikin duka sai na sake shi daga farko. Na buɗe baki in yi godiya. Hawaye ne suka zubo, ni da gemuna, a gaban mutumin da nake tsoro fiye da kowa.

Na sake aikin. A tasha na riƙa tare matafiya, nesa da idon mai gida, in tambaye su inda suka kwana, da kuma ko za su tura ɗan'uwansu can. Nan na ji ƙorafi har kunnena ya gaji. Abokaina sun riga ni kammalawa da zangon karatu guda, kuma hakan ya yi mini ciwo sosai a lokacin.

Yanzu ni ke kula da wani ƙaramin masauki. Baƙon da ya zo ya ɗaga mini murya a kan wani abu, a raina godiya nake yi masa, don ya rage mini aiki. Wanda ke tayar mini da hankali shi ne mai miƙo mabuɗi da fara'a ya ce komai madalla. Nakan raka shi har bakin ƙofa, in yi masa fatan sauka lafiya, sannan in koma ɗakin da ya kwana in nemi abin da ya yi mini kara a kansa.