Kwana Bakwai na Gwajin Inji da Na Ɓarar

Assalamu alaikum. Ni tsohuwa ce mai jikoki, ban taɓa zama a aji ba, wannan ma faɗa nake ana rubuta mini. Lokacin da abin ya faru ban daɗe da fita takabar maigidana ba, ina dafa shinkafa da wake ina kai wa ma'aikatan wani kamfanin fata a Challawa. Hutunsu na rana rabin awa ne. Kowace mai abinci da wurinta a gindin katanga, wadda kuwa aka kwana uku ba a gan ta ba, sai ta dawo ta tarar da wata a gurbinta. Abin da ke kai ni da tukwanena shi ne tsohuwar a-kori-kurar da marigayi ya bari.

Ana nan ana nan, ran nan inji ya buga. Bakanikenmu, wani mutumin Filato mai gareji a Sharaɗa, wanda shi ke taɓa motar tun maigida na da rai, ya ce gyara ya ƙare, sai dai a sake inji. Muka tafi kasuwar kayan mota. Aka nuna mana injina na hannu 'yan Kwatano guda biyu, ɗaya duk baƙin mai da dauɗa, ɗaya an wanke shi tas yana sheƙi. Ya ja ni gefe ya ce mai dauɗar nan ba a taɓa kwance shi ba, mai sheƙin kuwa akwai abin da aka wanke don kada a gani. Ni da na tsufa ina zaɓen tukunya, na ce ba zan ba da kuɗina in ɗauki ƙazanta ba. Ya ce to, Mama, muka ɗauki mai sheƙin.

Mai shagon ya ba mu kwana bakwai na gwaji, in matsala ta fito a cikinsu a mayar masa da kayansa. A nan na yi babban kuskuren. Mu dai mun saba sabon abu lallaɓa shi ake yi. Na rage girki, na koma ƙananan tukwane, na hana direban da ke tuƙa ni gudu. Bakanike ya aiko cewa a loda wa motar kaya a ba ta wuta, na ce a gaya masa amarya ba ta daka a makon farko. Rana ta tara muka loda komai. Ba mu yi rabin hanya ba farin hayaƙi ya turnuƙe. Ina zaune a bakin titi, abincina na hucewa, har lokacin hutu ya wuce.

Mai shago ya ce kwanaki sun cika, kuma gaskiyarsa ce. Bawan Allah bakaniken nan bai ce ai na faɗa miki ba. Ya yi ta zarya wurin dattawan kasuwa har aka yarda a musanya, na sayar da awakina na yi ciko. Wannan karon shi ya zaɓa. Ya cika durom huɗu da ruwa ya ɗora, kullum sai ya zaga da motar, ya ce, "Mama, a kwanakin gwaji ake wahalar da inji. In yana da ƙarya ya faɗe ta da wuri."

Kwana goma sha biyu ban leƙa Challawa ba, don manyan tukwanena ba sa shiga adaidaita. Ranar da na koma na riga na haƙura da wurin. Sai na tarar da benci a kai. Ashe matan kamfanin ne suka ajiye shi, kullum a nan suke zama su ci burodi, duk wadda ta zo da tukunya su ce wurin da mai shi. Ɗayarsu ta miƙo kwano ta ce, "Hajiya, mun rame, a ƙara wake."

Motar tana nan tana aiki har yau, alhamdulillahi. 'Yan'uwana mata da aka mutu aka bar muku abin da ba ku san kansa ba, ku saurari mai sana'ar, ko da kun haife shi. In kuma aka ba ku kwanakin gwaji, ku gwada da gaske tun ranar farko, kada tausayin ƙarfe ya cinye muku su.