Zanen Hajiya a Kan Kwalabena

Ni dai ba rini ya kai ni Masar ba, akasinsa na je koyo. Maigidana yana aiki a ofishin jakadancinmu da ke Zamalek, ni kuma na samu gurbin digiri na biyu a Giza. Aikina a kan ruwan da masaƙu ke zubarwa ne bayan sun gama rina yadi. Akwai wani farin gari da muke barbaɗawa a ciki. Shi ba ya cin launin da kansa, hasken rana yake zugawa ya cinye, shi ya sa nake ce masa ɗan zuga. In babu haske, da shi da garin alabo duk ɗaya ne.

Fitilar da ke maye gurbin rana a ɗakin gwajinmu ɗaya ce tal, layinta ya fi na gidan burodi tsawo. Daktora, malamar da ke duba aikina, ta ce, "Yalla, maza, ranar Masar kyauta ce, kai kwalabenki saman benenku." Sai na riƙa jera kwalaben shuɗin ruwa a can da sassafe, in bi ƙaramar bas in tafi makaranta, sai dab da magariba in dawo.

A lokacin surukata tana wurinmu, ta zo aikin ido. Tsakanina da Hajiya gaisuwa ce da miƙa abinci, kai a sunkuye. Ban taɓa gaya mata me ke cikin kwalaben ba, ita ma ba ta tambaya ba. Kunya ta riƙe bakin kowa.

Ruwa fa ya ƙi washewa. Yadda na bar shi haka nake tarar da shi, shuɗi shar kamar yana mini dariya. Na ƙara gari, na rage gari, na sake haɗa sabo, har na fara zargin ranar Masar da ha'inci. Tsoro ya kama ni sosai, don wa'adin tallafin karatuna ya kusa cika. Ran nan Daktora ta duba kwalbar da na kawo, ta cire tabarau ta ce, "Ma'alish, sai haƙuri, 'yata. In mako mai zuwa haka yake, khalas, shi ke nan, mu rufe wannan babin."

Ban iya zama ba. Da azahar na koma gida, abin da ban saba ba, na haye sama da niyyar tuttular da komai in huta. Inda na jera kwalabe wayam. Can na hango su a inuwar tankin ruwa, an lulluɓe su da tsohon zanen atamfa, an danne gefensa da bulo. Hajiya na zaune a gefe da carbinta.

Ranar kunya ta sha kashi. Na durƙusa na ce, "Hajiya, wa ya rufe su?"

Ta kawar da kai ta ce, "Ni ce, 'yar nan. A gidan marina aka haife ni. Rana ba ta barin launi, kodar da shi take yi. Na ga kina ta wahala da shuɗinki kina barinsa a buɗe, shi ne in kin fita nake killace miki, kafin ki dawo in mayar. Ban so ki ga kamar na raina sanin ki."

Da farko haushi ne ya taso mini har wuya. Kafin ya kai baki sai wani sanyi ya ratsa ni, na zauna daɓas ina dariya da hawaye. Ashe garina lafiyarsa ƙalau, rana ce bai taɓa gani ba.

Na yi mata bayani: kodewar nan da take gudu, ita nake nema ido rufe. Ta ce, "Ikon Allah. Ubana ya ƙare rayuwarsa yana roƙon launi ya kama, ke kin ƙetaro ƙasashe kina roƙon ya saki." Ta ƙara da cewa kwatar da ta bi ta bayan wata masaƙa a unguwarsu ko akuya ba ta shan ruwanta.

Washegari ban je ko'ina ba. Muka jera kwalabe a tsakiyar rana, muka raɓe a inuwar tanki mu biyu. Kafin la'asar shuɗin ya fara sanyi, garin ya kwanta a ƙasa, ruwan ya koma garai-garai. Da na kai wa Daktora, ta ɗaga kwalbar saitin taga ta ce, "Tamam," wato ya yi daidai, ita da ba ta yabon kowa.

Daga ranar Hajiya ta karɓi aikin tsaron rana. Inuwa na matsowa za ta ja kwalabe gaba. Wata maƙwabciyarmu ta zo za ta shanya bargo a igiyar da ke samansu, sai na jiyo Hajiya, wadda ba ta jin Larabcin kasuwa ko kaɗan, tana daka mata tsawa da Hausa: "Ke, matsa can! Kin tare wa 'yata rana."