Karsanar da Aka Ɗaure wa 'Yar Ƙwallon Kwando

Ban rubuta komai ba a lokacin, kuma damina uku ko huɗu ta wuce tun daga nan, don haka ba zan rantse a kan jerin kwanakin ba. Akwai maganganun da nake jin tela ne ya faɗe su, amma mai yiwuwa na wani ne na ɗora masa. Laifin da ke cikin labarin dai nawa ne, shi kam ban manta komai daga cikinsa ba.

Shekarar da na dawo daga bautar ƙasa ce, ina jiran aiki a Kazaure. Zaman gida ya gagare ni. Da na karya kumallo sai in fita, in zaga ta bakin dam, in duba waya ko an kira ni, in ƙare a shagon wani tela da muka saba. Telan Babarbare ne, iyayensa suna Babura. Abokin faɗansa wani Bafulatani ne mutumin Roni, mai sayar da maganin dabbobi a shagon da ke jikin nasa. Na ukunsu ɗan acaɓa ne daga Gwiwa, magidanci mai 'ya'ya, wanda yake fakewa a inuwar shagon idan rana ta take.

Dukkanmu 'yan kallon ƙwallon ƙafa ne. Ƙwallon kwando ta rediyo ta shigo mana, lokacin da aka yi ta zancen 'yan matan ƙasarmu a gasar Afirka. Ba mu san dokokinta ba. Muna haɗa kai a kan wayata muna kallon guntayen bidiyo, tela yana tambaya me ya sa wannan ta jefa aka ba ta maki uku, waccan ta jefa aka ba ta biyu. Ni ne mai karanta Turanci, sai aikin bayani ya faɗo kaina. Ni na gaya musu cewa wasu daga cikin 'yan matan ɗalibai ne a jami'o'in Amurka, suna yi wa makarantunsu wasa, in gasa ta zo a kira su gida. Suka sa mini suna Mai Digiri.

Akwai ɗaya daga cikinsu, doguwa, siririya, mai dogon wuya, wadda ba ta murna in ta ci. A kanta aka fi musu.

"Wannan tamu ce," in ji mai maganin dabbobi. "Dubi wuyan nan. Dubi yadda ta ci ta sunkuyar da kai. Kunya ce ta Fulani."

Tela bai ɗaga kai daga keke ba. Ya ce, "Bawana, ku da ba ku taɓa riƙe komai ba sai sanda? A ba ku ƙwallo ku tatse ta?"

"To Barebari ne za su yi tsallen nan? Da wace ƙafar?"

"Mai Digiri, duba mana. In Bafulatana ce zan ɗinka wa wannan mutumin riga kyauta, yadi ɗaya ma ya ishe shi."

Na duba. A shafin jami'arta an rubuta cewa a can aka haife ta, mahaifinta kuwa ɗan arewacin Najeriya ne da ya je karatu ya zauna. An rubuta sunansa. Ba a faɗi gari ba, ba a faɗi ƙabila ba. Haka na karanta musu, kuma ina jin har na maimaita cewa ba a faɗi gari ba. Amma ɗan acaɓa ya tafi da labarin Gwiwa a bakinsa, yana ba kowane fasinja, kuma kafin ranar kasuwa ta zagayo, arewacin Najeriya ya tsuke ya koma ƙasar Gwiwa.

Bayan 'yan kwanaki ya zo, bai ko kashe babur ba, ya ce in hau, wata tsohuwa tana nemana.

A hanya ya ba ni labarinta. Bafulatana ce, a wata ruga da ke bayan garin. Ɗanta na fari shi kaɗai ya yi boko a gidan, ya samu tafiya karatu ƙasar waje tun ɗan acaɓan yana ƙarami. Da farko yana aiko da wasiƙa, har aka ji ya yi aure ya haifi mace. Daga nan shiru. Wasu sun ce ya rasu, amma babu wanda ya zo da tabbaci.

Muka same ta a ƙofar ɗakinta tana wanke ƙwarya. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce, "Kai ne mai karanta abin da ke cikin waya?" Na ce ni ne, Inna. Na nuna mata yarinyar tana gudu da ƙwallo. Ta riƙe wayar da hannu biyu, ta nisanta ta da fuskarta, ta sa na maimaita har sau huɗu. Ba ta ce komai a kan gajeren wandon ba, ni kuwa shi nake ta fargaba. Tafiyar yarinyar take kallo.

Abin da ya rage shi ne a gwada suna. Sai na buɗe baki na ce, "Inna, mene ne sunan ɗan naki?"

Ɗan acaɓa ya taka mini ƙafa. Tsohuwa ta mayar da idonta kan ƙwarya. Na san al'adar sarai, mahaifiyata ma ba ta taɓa kiran sunan yayanmu ba, balle Bafulatana da ɗan fari. Garaje ne ya sa na manta. Kunya ta rufe ni, na rasa yadda zan gyara, sai na yi dabarar da na ɗauka wayo ce: tun da ba za ta faɗa ba, ni bari in faɗa. Na karanto sunan mahaifin yarinyar daga waya, a hankali.

Ta ja mayafi ta rufe bakinta, ta kau da kai wajen danga.

"Shi ne," in ji ɗan acaɓa, ƙasa-ƙasa. "Ba ka ga ta kau da kai ba?"

Ta juyo ta dube ni. Ni take jira. Na ce, "Da alama, Inna. Da alama dai."

Akwai maza a rugar da zan iya ja gefe in tambaya. Ban tambaya ba. So nake in bar wurin saboda katoɓarar da na yi.

Kafin mu tafi ta kai mu bayan ɗaki ta nuna mana wata karsana ja. Ta ce kowane jika nata an ba shi saniya ranar suna, wannan ce kaɗai ba a ba ta ba, don ba a san inda take ba. Shanun gidan za su tashi jibi su yi nisa da gonaki har a yi girbi, amma wannan za a bar ta. "Ka rubuta mata," ta ce, "ka ce tana da abu a gida."

A shago aka yi shewa. Mai maganin dabbobi ya miƙa wa tela kafaɗa ya ce a gwada shi. Ni kuwa na kasa zama. Na fita, na dawo, na sake karanta shafin, na sake fita. Kalma biyu na faɗa, kuma ban san a kan me na dogara na faɗe su ba. Washegari na roƙi mai maganin dabbobi, wanda ya san dangin, ya raka ni Roni wurin 'yar tsohuwar da ke aure a can. Kafin mu tashi na ƙara bincike, na samo wata hira da aka yi da yarinyar, da hotonta tare da mahaifinta.

Matar ta fito zaure ta saurare mu. Da na faɗi sunan sai ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Malam, wannan ai sunan kakanmu ne, surukin Inna. Ko a bakin wani ta ji shi sai ta kau da kai. Yayanmu ba haka sunansa yake ba." Ta faɗi sunan yayan, bai ko yi kama da wancan ba.

Na ce to me ya hana Inna ta ce ba shi ba ne?

"Ta yi mini waya jiya. Ta ce wataƙila a can da sunan kaka ake kiran mutum. Ta ce mai boko ya duba ya ce da alama."

Na nuna mata hoton. Ta daɗe tana dubawa, ta miƙo mini wayar. "Ba shi ba ne. Malam, kai ka kai mata maganar nan, kai za ka koma ka gaya mata. Ni ba zan iya ba."

In ban manta ba ranar Talata ce. Na ce gobe zan je.

Na je ɗin, amma sai ranar kasuwar Gwiwa. Tun daga nesa na hango ta a gefen hanya da lauje, ta sunkuya tana yankan ciyawa. Shanu sun tashi, matasa sun bi su, ita ke ciyar da karsanar da hannunta safe da yamma. Ta gan ni ta miƙe da ƙyar tana dafa ƙugu, ta ce, "Ɗan nan, ta amsa?" Na ce tukuna, Inna, saƙo yana ɗaukar lokaci. Ban aika komai ba. Ta ba ni man shanu a 'yar roba, na karɓa, na ɗaukar mata ciyawar har gida, na dawo Kazaure da maganar a cikina. Karo na biyu ko rabin hanya ban kai ba. Hadari ya haɗu ta gabas, na ce wa mai babur mu juya, kuma na ji daɗin hadarin nan, Allah ya yafe mini.

A shago kuwa hira sai ƙara zafi take. 'Yan matan sun kai wasan kusa da na ƙarshe. Tela ya koyi dokoki har yana zagin alƙalin wasa, yana cewa koci bai san aikinsa ba da yake ajiye "'yar Gwiwa" a benci. Mai maganin dabbobi ya san gaskiya, amma ya bar mini ita. Ya daina zancen riga, in na shigo sai ya dube ni kawai.

Ɗan acaɓa ne, da kyakkyawar niyya, ya ɗauko tsohuwar ranar wasan ba tare da ya gaya wa kowa ba. Gidan kallo ba wurin zuwanta ba ne, sai tela ya fito da talabijin tsakar gidansa bayan la'asar, matarsa ta shimfiɗa mata tabarma a gaba. Na zauna a baya kusa da ƙofa. Na tashi sau uku, ko huɗu, kamar mai neman ruwa. Na yanke cewa a hutun rabin lokaci zan faɗa mata. Hutun ya zo, aka kawo mata kunu, na ce bari ta sha tukuna.

Da aka dawo, yarinyar ta jefa ɗaya daga nesa ta shiga. Tela ya yi tsalle har hularsa ta faɗi. Sai aka haska 'yan kallo, aka tsaya a kan wani mutum mai furfura da farar riga yana tafi, mai sharhi yana magana a kansa.

"Mai Digiri, me ya ce?" in ji ɗan acaɓa.

Na ce, "Ya ce mahaifinta ne."

Tsohuwa ta matsa gaba da gwiwoyinta har ta kusa taɓa gilashin. Hoton bai daɗe ba, aka koma fili. Ta zauna a kan dugaduganta.

"Wannan ba yaron nan ba ne," ta ce.

Ta juyo ta neme ni a baya.

"Ɗan nan, ka sani?"

"Na sani, Inna."

"Tun yaushe?"

"Tun Talatar da ta wuce. Kafin ranar da na same ki kina yankan ciyawa."

Ta dube ni, ba da fushi ba, da na fi son fushin. Ta ce, "Da ka faɗa, da na bar karsanar ta bi 'yan'uwanta. Kullum kuka take yi ita kaɗai."

Na ba ta haƙuri, ban san da waɗanne kalmomi ba. Matar tela ta ce ko a kashe talabijin, ta ce a bari. Ta kalli wasan har ƙarshe. Da aka tashi ta tambaya ko su yarinyar ne suka ci, aka ce su ne. Ta ce, "Allah ya raya wa iyayenta ita." Ɗan acaɓa ya mayar da ita kafin magariba, bai yi mini sallama ba, kuma ya daɗe bai kira ni Mai Digiri ba.

Kwana biyu bayan haka na je rugar, ni da mai maganin dabbobi, don mu kora karsanar zuwa inda garken yake. Ni na riƙe igiya, ta ja ni cikin taɓo har gwiwa. Da za mu tashi tsohuwar ta ce a gaya wa masu kiwo kada a sayar da ita, kada a ba wani jikan. Tana da mai ita, ba waccan ba ce kawai.

Na samu aikin koyarwa daga baya, na bar Kazaure. Sunan da aka faɗa mini a Roni yana rubuce a bayan littafina, nakan bincika shi lokaci-lokaci, ban samu komai ba tukuna, kuma ban sake kai wa kowa rabin magana ba. Tela ya ce ba ranar wasan kusa da na ƙarshe ba ce, wasan ƙarshe ne, kuma wai ba kunu aka kawo ba, fura ce. Yana iya yiwuwa shi ke da gaskiya. Waɗanda suke tsakar gidan nan a ranar, ko suka san tsohuwar fiye da ni, in sun ga inda na karkace ko na rage wa kaina laifi, ina roƙo su bar mini gyaran a shagon tela, zai iso gare ni.