Yayata, Mai Hatimin Mayanka

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da misalin ƙarfe goma na safe, ina tsaye a rumfata ina sara wa wata mata ƙashi, babban ɗanki ya kira ni a waya. Abin da ya iya faɗa kawai shi ne, "Kawu, Mama ta cika." Na ajiye gatarin a kan katako, na nemi wuri na zauna. Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Kwana tara kika yi a asibiti, kika bar duniya kina da shekara hamsin da takwas, talatin da ɗaya daga ciki kin yi su ne kina duba nama da lafiyar dabbobi a ƙaramar hukumarmu.

Yaya, ni ba marubuci ba ne, hannuna ya fi sabawa da wuƙa fiye da alƙalami. Amma tun da aka yi rasuwar nake jin mutane suna cewa ke mutuniyar kirki ce, su tsaya a nan. Gaskiya suka faɗa, sai dai ba ta isa ba. Ni da na sha hannunki, ni ya kamata in faɗi sauran.

A gidan fawa aka haife mu. Baba mahauci ne, mahaifinsa ma haka. Tun kina ƙarama, idan ya dawo da kayan ciki kina tsugune a gefen kwano kina tambaya: me ya sa wannan hantar take da fararen ɗigo, waccan ba ta da su? Da kika gama sakandare kika ce makarantar kiwon lafiyar dabbobi za ki, dangi suka yi ta surutu, Baba ya ce a ƙyale ki. Bai rayu ya ga ranar da kika fara aiki ba. Ni na gani. Kin shigo mayanka da farar riga, da takalmin roba har gwiwa, da wuƙa da ƙugiya, da hatimi mai shuɗin tawada a aljihu. Mahauta suka bushe da dariya, wani ya ce, "To, yau kuma mace ce za ta koya mana hanta." Wani dattijo, abokin Baba, ya so ya gwada ki, ya ɗauko huhun akuya ya ajiye a kan tunkiyar da ya feɗe. Kika ɗaga shi da ƙugiya, kika juya, kika ce, "Baba, wannan tunkiyar taka da huhun aro take numfashi?" Dariya ta koma kansa. Daga ranar aka sa miki suna Mai Hatimi, har yaran da aka haifa bayan haka da shi suka san ki.

Kullum kafin rana ta fito kina garke, kina duba dabbobi da ransu, ki sa a zagaya da su ki ga tafiyarsu. Bayan yanka ki bi su ɗaya bayan ɗaya, ki tsaga kaluluwa, ki shafa huhu, ki buɗe hanta da ƙoda. Wadda ta tsallake ki buga mata hatimi a cinya da kafaɗa. Wadda ba ta tsallake ba kuwa, ko wa ya kawo ta, ramin da ke bayan mayanka ne makomarta.

Na san haka ne da kaina, a shekarar da na yi aure na buɗe rumfata. Na sayo wani farin sa mai ƙaton tozo, duk ƙarfina na zuba a kansa, ina ta yi wa abokai alfahari. Da aka feɗe shi kika zo kika sa wuƙa a huhun, na ji tana ƙara kamar tana ratsa yashi. Wasu ƙuraje ne masu ruwan ɗorawa, sun cika huhun, sun haura hanta, sun bi jikin haƙarƙari. Kika daɗe a sunkuye, fiye da yadda kika saba. Sannan kika ɗago kika ce, "Tarin fuka ne, kuma ya bazu. Duka za a binne."

Na ja ki gefe, na rage murya. "Yaya, ni ne fa. A cire huhun a yar, sauran naman ai kin ga lafiyarsa lau."

"Na san kai ne," kika ce, "shi ya sa na daɗe ina dubawa. Amma faɗa mini, wa za ka sayar wa? Nuna mini gidan da ka zaɓa."

Ina tsaye aka kwarara masa magani mai wari, aka ja shi zuwa rami. A gaban mutane na faɗa miki maganar da har yau nake jin kunyarta, na ce aikin gwamnati ya fi miki ɗan'uwa. Kika wanke wuƙarki kika wuce kan saniya ta gaba. Wata huɗu ban taka gidanki ba, idan muka haɗu a mayanka in kau da kai. Inna ce ta gaji, ta kira mu ɗakinta. Na zayyana mata duk abin da ke raina, tana saurare tana tsince shinkafa. Da na gama ta ce, "Kai, da an bar maka san nan, da ka kawo mini tsokata kamar yadda ka saba?" Na ce da na kawo. Ta ce, "Kuma da na dafa na ba jikokina?" Sannan ta ce, "To tashi ka gaida yayarka."

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne abin da ya biyo baya. Asabar ita ce ranar hutunki, amma sai da kika shafe wata uku kina ɗaukata zuwa kasuwar shanu duk Asabar. Kika koya mini kallon hancin dabba ko da danshi, da ƙyallin gashinta, da yadda za a sa ta ɗan yi sauri a saurari tari. Masu shanu suna yi mini tsiya wai na zo da 'yar rakiya. Shekara ashirin da shida ke nan, ban sake asarar dabba sukutum ba. Kuma abin da kika koya mini ba ki ɓoye shi ga kowa ba, duk mahaucin da ya tambaya kin tsaya kin nuna masa.

Ranar da na fi alfahari da ke ita ce ranar da aka kawo saniyar wani babban mutum, surukin shugaban ƙaramar hukuma na wancan lokacin. A bayan mota aka kawo ta, an riga an yanka. Masu kawowar suka ce santsi ne ya kwashe ta ta karye, shi ya sa aka yi saurin sa mata wuƙa. Kika leƙa kika ga cikinta ya kumbura, baƙin jini yana tsatsafowa ta hanci da ta baya, kuma ya ƙi daskarewa. Kika ɗaga murya, abin da ba ki cika yi ba: "Kada wanda ya taɓa ta! Kada a feɗe!" Kika ce kina zargin ciwon saifa ne, irin wanda yake kashe dabba farat ɗaya ya kuma kama mutum. Kika sa aka rufe ƙofar mayanka, kika aika samfuri ɗakin gwaji.

Mai saniyar ya zo da kansa. Ya fara da lallashi, ya ce cinya guda taki ce. Da ya ga ba ki ko kalle shi ba, ya koma barazana, ya kira surukinsa ya miƙa miki wayar. Muna jin ki kina cewa, "Ranka ya daɗe, kai ne shugabana, kana iya canza mini wurin aiki yau ɗin nan. Amma muddin ina tsaye a nan, naman nan ba zai shiga kasuwa ba." Kika tsaya a kanta cikin rana har aka ƙone ta aka binne tokar. Kwana biyar mayanka tana rufe ana wanke ta. Mu ma mahauta mun yi gunaguni, ba zan ɓoye ba, don kwana biyar ba yanka ba ƙaramin abu ba ne ga mai iyali.

Kafin mako ya zagayo takarda ta fito, aka mayar da ke sakatariya, aka ba ki tebur a lungu kusa da ɗakin ajiyar tsofaffin fayiloli, babu aikin fari bare na baƙi. Kowace safiya kika riƙa zuwa kina zama. Na ce ki kai ƙara, kika ce a jira sakamako. Sakamakon ya zo ya tabbatar da zarginki. A makon kuma labari ya iso cewa wata saniyar daga garken babban mutumin nan an feɗe ta a wani ƙauye da ke wajen iyakarmu, mutum goma sha ɗaya suna kwance, biyu sun rasu, ɗaya daga cikinsu mahauci ne kamarmu. Shugaban ƙungiyarmu ta mahauta ya tara mu, mu fiye da sittin, muka tafi sakatariya da ƙafa, da kayan aikinmu a jiki. Ya ce wa shugaban ƙaramar hukuma, "Ba mu zo faɗa ba. A dawo mana da Mai Hatimi, in ba haka ba mun ajiye wuƙa." Washegari kika dawo. Ba ki yi wa kowa gori ba. Abin da kika fara cewa da shigowarki shi ne magudanar jini ta toshe, wa ya bar ta haka?

Ba mahauta kaɗai suka san ki ba. Wata mai gidan abinci a bakin tasha ta zo gaisuwa tana kuka, ta ba mu labarin da ban taɓa ji daga bakinki ba. Ta ce kin taɓa rufe mata shago kwana uku saboda kin tarar da ɗanyen nama da dafaffe a kwano guda, ruwan wanke-wanke kuma tun na safe ne. Ta tsine miki a ranta. Washegari sai ga ki da bokiti da sabulu, kin naɗe hannun riga, kuka wanke ɗakin girkin tare, kika nuna mata inda za ta sa raga a taga, da yadda za ta ware katakon yankan nama daban da na ganye. Ta ce daga baya direbobi har layi suke yi mata, suna cewa abincinta ba ya tayar musu da ciki a hanya. Haka kike. Ba kya rufe ƙofa ki tafi, sai kin nuna wa mutum yadda zai buɗe ta.

A gida ma ba ki bar mu mun huta ba. Ko nama aka kawo miki a faranti sai kin juya shi da cokali kin duba, har maigidanki yakan ce, "Ku jira, hukuma ba ta buga hatimi ba tukuna." 'Ya'yanki sun tashi sun san ba a zama cin abinci sai an nuna miki tafin hannu.

Ranar Lahadi, kwana biyu kafin rasuwarki, na zauna a bakin gadonki da rana. Muryarki ta yi ƙasa, amma hankalinki garau. Na ce idan kin warke ya kamata a yi taro a karrama ki. Kika yi murmushi kika ce, "Ƙanena, aikin nan idan ka yi shi daidai ba wanda zai san ka yi. Yaron da bai yi gudawa ba ba zai zo godiya ba, uwarsa ma ba ta san an tsare mata shi ba. Ni hakan ya ishe ni." Na riƙe hannunki, na nemi gafarar maganar da na faɗa miki shekarun baya. Kika ce kin manta da ita tun a ɗakin Inna.

Ya Allah, Ka ji ƙan baiwarKa, Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata mata makwancinta Ka haskaka shi. Ta riƙe amanar abin da bayinKa suke sawa a baki, Ka karɓi wannan a matsayin ibada, Ka sada ta da Baba da Inna a gidan rahama. Idan tamu ta zo Ka sa mu cika da imani.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanta, wanda ya jure fitar asuba ta shekara talatin bai taɓa ƙorafi ba, da 'ya'yanta huɗu da jikokinta, da ƙannenmu mata, da abokan aikinta na sashen lafiyar dabbobi, da 'yan'uwana mahauta. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta. Ina kuma yi wa duk matar da ta taɓa sayen nama a kasuwarmu ta dafa wa iyalinta hankali kwance ta'aziyya. Wataƙila ba ki taɓa ganin fuskarta ba, amma ke ma an yi miki rasuwa.

Ƙanenki, mahauci.